Darasin Latitud da Zafi: Abin da Makarantun Birnin Kudu da Gwaram Za Su Iya Yi Tare

A littafin labarin ƙasa akwai ƙa'idar da kowane ɗalibin sakandare ke haddacewa: gwargwadon nisan wuri daga layin Ikwaita, gwargwadon sanyinsa. Yaro a Birnin Kudu zai rubuta ta a jarrabawa ya ci. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai maki 40 da rana tsaka, in ya ji a rediyo cewa Legas ba ta wuce 33 ba, dole ransa ya yi shakka. Legas tana kan digiri 6 da rabi arewa da Ikwaita, Birnin Kudu kuwa tana wajen 11 da rabi. Me ya sa mu da muka fi nisa muka fi shan zafi? Allo da alli kaɗai ba sa warware wannan tambaya. Sai an fita fili an auna, an kuma samu wani a wani gari da ya auna nasa.

Latitud ma'auni ne na nisan wuri daga Ikwaita, ko ta arewa ko ta kudu, kuma kowane digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Abin da ya haɗa shi da zafi shi ne yadda hasken rana ke sauka. A haska tocila kai tsaye a bango, hasken zai taru wuri guda da ƙarfi. A karkata ta, sai ya bazu ya yi rauni. Kusa da Ikwaita rana kan hau kusan tsakiyar kai duk shekara, can nesa kuwa a karkace take zuwa. Duniya kuma a karkace take juyawa, da digiri 23 da rabi, shi ya sa tsawon yini ke canzawa. A nan bambancin yinin Disamba da na Yuni bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Landan yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni ya haura 16. 'Yan'uwanmu da suka yi azumin 2016 a can sun sha azumin sama da awa 18.

Hanyar ganin wannan da ido ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kafin agogo ya yawaita, da inuwa malamai da ladanai ke gane zawali da shigar La'asar. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe, a kan ƙasa mai baje, ranar 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, kwanakin da rana ke bisa Ikwaita. A riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyar har a ga inda ta fi gajarta. A Birnin Kudu, a watan Maris, hakan kan faru wajen sha biyu da rabi, ba sha biyu daidai ba, kuma inuwar za ta kai kusan santimita 20. A Legas 11 za a samu, a Agadas wajen 30, a Landan kuwa inuwar ta fi sandar tsawo, kusan 126. Kusurwar da ke tsakanin sandar da layin da ya taso daga kanta zuwa bakin inuwar a wannan rana ita ce latitud ɗin garin. Da irin wannan dabara Eratosthenes ya ƙiyasta kewayen duniya a Masar wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, ta hanyar kwatanta inuwar Iskandariyya da ta Aswan. Wato tun asali aikin na garuruwa biyu ne. A zamanin Halifa Ma'amun ma, wajen shekarar 830, masanan Bagadaza sun fita sahara suka auna tsawon digiri guda.

A Amurka, cibiyar Stevens da ke jihar New Jersey ta taɓa shafe shekaru tana haɗa azuzuwa daga ƙasashe daban-daban a kan wannan darasi: kowane aji ya auna zafi da tsawon yini na mako guda, a tara sakamakon, a zana shi. Shirin GLOBE, wanda ya fara aiki a 1995, shi ma ɗalibai ne ke auna yanayin garinsu suna musayar alƙaluman. Mu ma ba mu rasa abin da ake bukata ba: sanda, tef ɗin tela, ma'aunin zafi, littafin rubutu, da wayar malami mai WhatsApp.

Wani zai ce Birnin Kudu da Gwaram ai maƙwabta ne, tazarar latitud ɗinsu ba ta kai rabin digiri ba, me za su koya wa juna? A ganina wannan kusancin ne amfaninsu. Tunda ana sa ran alƙalumansu su zo kusan ɗaya, in aka ga na Gwaram ya ɗara da maki biyar, to a binciki yadda aka auna. Wataƙila an rataye ma'aunin a ƙarƙashin kwano, ko a jikin bangon da rana ta gasa, ko kusa da falalen dutse irin waɗanda suka kewaye Birnin Kudu, masu riƙe zafi har bayan magariba. Ƙa'ida ita ce a sa shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a kuma karanta shi a lokuta guda kullum, da sassafe da kuma wajen ƙarfe biyu. Yaron da ya gane cewa lamba na iya yin ƙarya in an ɗauke ta ba bisa ƙa'ida ba ya koyi abin da zai amfane shi ko a gona, ko a asibiti, ko a kasuwa.

In makarantun garuruwan biyu sun daidaita, sai su miƙa hannu kudu da arewa: wata makaranta a Legas ko Fatakwal, wata a Jos, wata a Maraɗi ko Damagaram, inda Hausa ma ta wadatar wajen magana. A nan ne darasin zai yi armashi. Za su ga Legas ba ta kai mu zafin bazara ba saboda teku da gajimare da laimar iska, amma kuma ba ta san sanyin hunturunmu ba, lokacin da asuba kan sauka ƙasa da maki 15 yara na zuwa aji da rigar sanyi da tsagaggen leɓe. Busasshiyar iskarmu da wayayyen sama kan bar rana ta gasa ƙasa da yini, su kuma bar zafin ya tsere da dare. Jos, wadda ta fi mu kusa da Ikwaita, ta fi mu sanyi domin tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma zafi kan ragu da kusan maki 6 da rabi a duk hawan mita 1,000. Abin da latitud ke yi a tsakanin Legas da Agadas shi ne faɗaɗa tazarar da ke tsakanin zafin bazara da sanyin ɗari. Faɗuwar zafi ta sosai sai an ƙetare sahara, an samu aji a Alƙahira ko Ingila, kafin ta fito sarai a zane.

Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, mai tsofaffin ɗalibai a ko'ina cikin ƙasar nan, ciki har da Aliko Ɗangote, tana da hanyar samo abokan aiki a nesa cikin sauƙi. Sai dai ina fata kada abin ya tsaya a manyan makarantu. Makarantun je-ka-ka-dawo na ƙauyukan Gwaram da na 'yan mata su ne suka fi cancantar a fara da su, tunda aikin ba ya neman ɗakin gwaje-gwaje ko wutar lantarki. Malaman labarin ƙasa da na lissafi su zauna su tsayar da mako guda a Janairu, wani a Maris, su kuma ware ranar 20 ga Afrilu ko kewayenta. A wannan rana ce rana ke tsayawa daidai bisa kan wannan yanki, har sanda ta rasa inuwa da zawali, alhali ɗaliban Maraɗi sai sun jira kusan mako guda kafin su aiko da nasu hoton.