Dutsen da ya faɗo daga sama

Da dare, in sama ta yi garau, mutanen Tama suna ganin taurari bila adadin. Ga Zara, ga Kaza da ƴaƴanta. Wani lokaci kuma akan ga wani ja-ja. Wannan ba tauraro ba ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Sunanta Mars. Masana sun daɗe suna tambaya: ko akwai abu mai rai a can?

Har yanzu ɗan Adam bai taka Mars ba, amma duwatsunta sun zo ƙasar Hausa. A shekarar 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Da masana suka bincika shi, sai suka tarar da ƴar iska a kulle cikinsa. Iskar nan iri ɗaya ce da ta Mars, wadda kumbon Viking ya auna a 1976. Ta haka aka tabbatar da asalinsa.

Me ake nema cikin dutse? Yaran Adar sun san amsa. A duwatsun Buza da Keita, makiyaya sukan tsinci katantanwa wadda ta zama dutse. Tun zamanin da, teku ya rufe wurin. Ruwa ya janye, dabbobin sun mutu, amma dutse ya riƙe alamarsu.

Mars ma ta taɓa yin koguna da tafkuna, kafin ta bushe. Inda ruwa ya kwanta, nan ake sa ran samun alamar rai. Don haka a 2021 Amurka ta saukar da wata mota marar direba, mai suna Perseverance, cikin wani busasshen tafki. Tana haƙa duwatsu tana ajiyewa. Ta tafi da wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, marar matuƙi, wanda ya tashi sau 72 kafin ya lalace a 2024. Ba mutane ake nema ba, sai sawun ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Har yau ba a sami tabbaci ba.

A 2023 an tsinci wani dutsen Mars cikin jihar Agadas, nauyinsa ya wuce kilo 24. An fitar da shi daga Nijar, aka sayar da shi a Amurka a 2025, kan dala miliyan 5 da wani abu. Gwamnati ta sa a bincika yadda ya fita. Irin wannan dutse dukiyar ƙasa ce. Wanda ya tsinci dutse baƙi, mai nauyi, kamar an ƙona bayansa, sai ya nuna wa malaminsa ko hukuma.

Tambayoyi
1. Yaya aka gane dutsen Zagami daga Mars ya zo?
2. Me ya sa ake samun katantanwa cikin duwatsun Adar?
3. Don me aka saukar da motar cikin busasshen tafki?