Ƙurar hunturu ce ke kashe na'urar sanyaya ɗaki a bazara

Da zarar hunturu ya kau bazara ta shigo, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma zafi ne mai kisa. A ranar 3 ga Afrilun 2024 ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma cikin kwanaki huɗun farko na watan mutum 102 suka rasu a asibitin Gabriel Touré da ke Bamako, da yawansu tsofaffi. Don haka na'urar sanyaya ɗaki, ga wanda Allah ya hore masa, ta wuce kayan ƙawa. Sai dai riƙon da muke yi mata shi ke sa ta gaza a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Daga ƙura matsalar take farawa. Duk wanda ya ɗaga murfin na'urarsa a watan Maris zai tarar ragar da ke tace iska ta toshe da ƙurar hunturu, har ta yi danƙo. Iska ba ta ratsawa, inji na ta aiki ba hutawa yana shan wuta, ɗaki kuma bai huce ba. Wani lokaci ma ƙanƙara ta daskare a kan bututun ciki, ruwa ya riƙa bin bango. A nan ake kiran mai gyara, ya ce gas ya ƙare. Gas ɗin kuwa zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, ba ya ƙonewa. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ƙara shi ba tare da liƙe wurin ba asarar kuɗi ce. A wanke ragar da ruwa duk mako biyu, a shanya ta a inuwa, a kuma share akwatin na'urar da ke waje ya samu iska, sau da yawa shi ke nan gyaran.

Wani zai ce ai wuta ba ta tsayawa, gara a sa na'urar a digiri 16 ɗaki ya yi sanyi kafin a ɗauke. Uzurin yana da tushe, amma a yawancin na'urori rage lambar ba ya ƙara saurin sanyayawa, hana injin hutawa kawai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ta a 27 a haɗa da fanka, domin jiki zai ji kamar an rage digiri 4, kuɗin wuta kuma ya sauka ƙwarai. Mai tayar da janareto da dare kuwa ya ajiye shi nesa da taga, don hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Gaskiya ne mafi yawan gidaje ba su da wannan na'ura, kuma su zafin ya fi cinyewa. Idan ɗaki ya wuce digiri 40, fanka kaɗai iska mai zafi take hurawa, sai an jiƙa zane an yafa, ana shan ruwa tun kafin ƙishirwa. Mai ɗakin sanyi ya buɗe wa maƙwabciyarsa tsohuwa da mai jego ƙofa da tsakar rana. Wanda kuma aka ga jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a kwarara masa ruwa a garzaya da shi asibiti, kada a jira la'asar.