Tafkin Kainji: Wanda Ya Dafa Iri, Me Zai Shuka Baɗi?

Duk wanda ya san kasuwar kifin Yawuri a da, in ya leƙa ta yau zai lura cewa manyan giwan ruwa sun yi ƙaranci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, su ya zama abin dogaron dubban iyalai daga Shanga har Warra ta Ngaski. Sai taru mai ƙananan idanu, wanda masunta ke kira dala, ya yawaita. Don warangi ake jan sa, amma yana kwaso 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun kafin su isa yin ƙwai. Wannan daidai yake da manomi ya dafa irin shukarsa.

A shekarun 1990, ƙarƙashin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, jihohin Kebbi da Neja sun haramta dala, aka kuma sa sarakunan ruwa cikin aikin sa ido. Da shirin ya ƙare, sai sa idon ya yi rauni.

Doka kaɗai ba ta hana mai yunwa shiga ruwa. Wajibi ne gwamnatin Kebbi da masarautar Yawuri su mayar wa sarakunan ruwa ƙarfinsu, a sauya wa masunta taru bisa rance mai sauƙi, a kuma tallafa musu da noman rani na albasa da shinkafa lokacin hayayyafar kifi. In ba haka ba, ruwa za mu bar wa jikokinmu, ba arziki ba.