Gyambon da ya ƙi warkewa yana iya zuba guba a jini

Jama'a, a farka! Mutanenmu suna mutuwa a ɗaka, muna zaune a gefensu muna cewa iska ce ta taɓa su.

Daga fata abin yake somawa. Tsohon gyambon ƙafa, ko tabon ƙuna mai shekara 20 ko 30, sai ya tsage, bakinsa ya tashi, ya fara wari da zubar da jini. Sankarar fata ke nan. Likitoci suna ce mata gyambon Marjolin, sunan wani likitan Faransa da ya yi bayanin irin wannan miki a 1828. 'Yan'uwanmu zabiya kuwa, hasken rana ne ke jawo musu sankarar fata a fuska da kunne da wuya, tun da ƙuruciyarsu.

Mu muka bar ta ta girma. Muka ce miki ne, a barbaɗa magani a ɗaure.

In sankarar ta yi ƙarfi, tana iya sakin wani sinadari da ke sa ƙashi ya riƙa amayar da kalsiyam cikin jini, ƙoda kuma ta ƙi zubar da shi. A jinin mai lafiya awonsa ba ya wuce 10.5 mg/dL. In ya haura 14, rai na cikin haɗari.

Sai ƙishirwa mai tsanani. Sai fitsari dare da rana. Bayan gida ya ƙi fita, abinci ya ƙi shiga. Mutum ya soma sambatu, ya kasa gane 'ya'yansa. Wani ya ce ciwon suga ne, wata ta ce jifa ne, a kunna hayaƙi. Kafin a ankara ƙoda ta gaza, barci ya zarce da suma.

Wanda ya ga haka ya yi shiru, da hannunsa a ciki.

Ya zama wajibi a garzaya da irin wannan majinyaci asibiti, a ce wa likita a fili: a auna kalsiyam. Ƙarin ruwa ta jijiya da allurai irin su zoledronic suna sauke shi cikin 'yan kwanaki, hankali ya dawo.

Amma kada a ruɗi kai. In kalsiyam ya tashi, galibi sankarar ta riga ta yi nisa.

Don haka ya zama wajibi duk mikin da ya yi watanni bai rufe ba a gutsiri namansa a gwada, in sankara ce a yanke shi tun yana ƙarami. Ya zama wajibi iyaye su daina tura yaro zabiya talla ko kiwo da tsakar rana. A sa masa malafa da riga mai dogon hannu, a shafa masa man kariya daga rana, a kai shi likita ya duba fatarsa a kai a kai.