Kalmar "Subtly" Da Hannunka Mai Sanda A Sabon Badun

Mai karatu, akwai wata kalmar Turanci da take ba 'yan makaranta da tafintoci wuya, ita ce "subtly". Ana kiranta "satli", domin ba a furta harafin b da ke cikinta. Asalinta daga Latin ne, inda "subtilis" yake nufin saƙa mai siririn zare. Ma'anarta a yau ita ce yin abu cikin dabara da ruwan sanyi, yadda sai mai lura ne zai gane an yi.

Wanda yake son ganin ma'anar a aikace, sai ya dubi Sabo ta Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a 1916. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a can, ya kuma buga littafi a 1969 a kan Hausawan unguwar da cinikinsu na shanu da goro. Ya nuna yadda mahauta Yarbawa suke ɗaukar shanu bashi, maigida kuwa shi ke tsaya wa fataken da suka sauka a gidansa.

To, a ce mahaucin da aka sani da jinkirin biya ya taya sa. Dillali ba zai tozarta shi a bainar jama'a ba, don gobe ma kasuwa ce. Sai ya dubi mai shanu ya ce, "Alhaji, rana ba ta yi ba tukuna, bari maigida ya ƙaraso." Ya tsare dukiyar baƙo, bai kuma ci mutuncin kowa ba. Wannan shi ne hannunka mai sanda, kuma shi ne kalmar take nufi.

Haɗarin yana wajen fassara. Tafintan da ya ce "a hankali" ya kawo jinkiri inda babu shi. Wanda ya ce "a ɓoye" ya jawo zargi. Wanda ya ce "da wayo" ya mai da mutumin kirki macuci. Habaici kuwa cizo gare shi, alhali kalmar ba lalle ta ciji kowa ba.

A gari irin Badun, inda Hausa da Yarbanci da Turanci suke haɗuwa a kasuwa da kotu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rikicin kasuwar Shasha na 2021 daga 'yar cacar baki ya faro. Saboda haka tafinta ya auna maganarsa: "cikin dabara" ga aiki, "a kaikaice" ga zance. Allah ya sa mu dace.