Wayar Maniyyaci: Manhajojin Da Ke Sauƙaƙa Tafiyar Hajji Da Umara, Da Inda Iyakarsu Take

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan lokacin bitar maniyyata ya zo, tambayoyin da muka saba amsawa a masallaci ba sa wuce na harami da ɗawafi da jifa da hadaya. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta ƙaru a kansu: "Malam, wace manhaja ya kamata in sa a wayata kafin mu tashi?" Wasu na ganin wannan tambaya ce ta masu gyaran waya, babu ruwan malami da ita. Mu kuwa muna ganin tana cikin babin guzuri, domin a yau akwai ibadar da mutum ba zai kai gare ta ba a ƙasa mai tsarki sai ta hanyar wayar da ke aljihunsa.

Aya ta 197 a cikin Suratul Baƙara ta yi umarni da yin guzuri, kuma Imamul Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne a kan wasu mutanen Yaman da ke zuwa Hajji hannu rabbana da sunan tawakkali, su ƙare da roƙon mutane a Makka. Haka nan a ranar Hijira, Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar wani gwanin sanin hanya mai suna Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali a lokacin bai musulunta ba. Ya bi da su ta gefen teku, hanyar da ayari bai saba bi ba, har suka isa Madina. Sun karɓi sanin hanya a wurinsa, addininsu kuwa ba a wurinsa suka ɗauka ba. Wannan shi ne ma'aunin da za mu ɗora kowace manhaja a kai.

Nusuk da katinta

Manhajar farko ita ce Nusuk, ta Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya. Ta maye gurbin Eatmarna wadda aka ƙirƙira a 2020 lokacin annobar korona, kuma tun 2022 ta zama babbar ƙofar hidimomin baƙin Allah. Mai biza yakan yi rajista da bayanan fasfonsa da na bizarsa, sannan ya nemi izinin abin da yake bukata. Mafi shahara shi ne izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW), inda ake ware lokutan maza daban da na mata, a ba mutum ranarsa da sa'arsa, masu tsaron ƙofa su duba a wayarsa kafin ya wuce. Guraben suna cika da wuri, musamman a Ramadan da lokacin Hajji. Mun ga bayin Allah da suka gama kwanakinsu na Madina ba su shiga Rauda ba, saboda sai da ya rage kwana ɗaya a tashi suka fara neman wanda zai buɗe musu manhajar.

Daga Hajjin 2024 aka fara raba wa alhazai katin Nusuk, wanda ake ratayawa a wuya, akwai kuma kwafinsa a cikin manhajar. Shi ke shaida cewa alhaji ya shigo ta halattacciyar hanya, kuma yana ɗauke da bayanan masaukinsa da masu kula da shi. Kada a bar shi a ɗaki ko da fita sallah za a yi.

A nan wajibi ne mu yi gargaɗi. Kujerar Hajjin ɗan Najeriya tana fitowa ne ta hannun hukumar NAHCON, ko dai ta hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi ko ta kamfanonin jirgin yawo masu lasisi. A Nijar kuma hukumar COHO ce ke kula da lamarin. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ko Facebook cewa ka biya shi ya saka sunanka a Nusuk ka yi Hajji da bizar ziyara, to ka riƙe kuɗinka. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma kashi 83 cikin 100 na mamatan ba su da izinin Hajji. Sun yi doguwar tafiya a rana babu tanti babu motar ɗauka. A 2025 tarar wanda aka kama ba shi da izini ta kai Riyal 20,000, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara 10. Allah bai wajabta Hajji a kan wanda bai samu iko ba, balle a sayi halaka da kuɗin gona.

Taswira da fassara

Wata shekara da muka raka alhazai, wani dattijo a tawagarmu ya fita jifa da hantsi, ba mu sake ganinsa ba sai bayan Isha'i. Babbar waya ce a hannunsa, ɗansa ya saya masa sabuwa fil, amma babu layin Saudiyya a ciki, babu taswira, kuma bai san lambar tantinmu ba. Tantunan Mina kuwa farare ne iri ɗaya, dubbai a jere. Ya dawo ƙafafu a kumbure, ya kwana biyu bai iya miƙewa ba.

Abin da zai hana irin wannan ba shi da wuya. Google Maps tana ba da damar sauke taswirar gari a ajiye a waya, ta yi aiki ko babu data, domin na'urar gane wuri da ke cikin waya da tauraron ɗan'adam take magana. A sauke ta Makka da ta Madina tun daga gida. Da an isa masauki a sa masa alama a taswirar, haka ma tanti a Mina da Arfa, da tashar da motar masauki ke tsayawa. A Harami a riƙe sunan ƙofar da aka shiga da lambarta: Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, Ƙofar Sarki Fahad ta 79. Wanda ya fita ta wata ƙofa daban yana iya samun kansa a unguwar da bai taɓa gani ba. A kwanakin Hajji jami'an tsaro sukan rufe hanyoyi su mayar da wasu na tafiya ɗaya, taswira kuma ba ta san da haka ba. Idan ta ce dama, jami'i ya ce hagu, maganar jami'i za a bi.

WhatsApp ma tana da wurin aika wa wani inda kake kai tsaye na minti 15, ko sa'a 1, ko sa'a 8. Mai rakiyar tsoho ko mara lafiya ya kunna masa wannan kafin su shiga cunkoso.

Ta fuskar harshe, Google Translate ta san Hausa da Larabci, kuma ana iya sauke su biyun su yi aiki babu intanet. Tana karanta rubutun allo ko na kwalin magani idan aka haska shi da kyamara. Tana isar mutum a kasuwa da wurin direba. A gaban likita kuwa, ko a ofishin 'yan sanda, a nemi jami'in alhazai ko ɗalibanmu da ke karatu a can, domin fassararta ta Hausa takan yi tuntuɓe, kuma kuskure a bayanin ciwo ba ƙaramin abu ba ne. A ajiye lambar gaggawa ta 911 da ta Ma'aikatar Lafiya, 937.

Jirgin ƙasa da miƙati

Tun 2018 jirgin ƙasa na Haramain yake zirga-zirga tsakanin Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kusan kilomita 450, cikin sa'a biyu da 'yan mintuna, alhali mota takan ci sa'a biyar ko fiye. Ana sayen tikiti a manhajarsa ta HHR Train, kuma yana da ƙa'idar yawan kaya, don haka mai manyan jakunkuna ya duba kafin ya biya. Masu Umara su suka fi amfana da shi, tunda alhazan hukuma da motocin da aka tanada ake ɗaukarsu. A cikin gari kuma Uber da Careem suna nuna kuɗin tafiya tun kafin a shiga mota, abin da ke raba baƙo da cinikin da bai iya harshensa ba.

Manhajar za ta sayar maka da kujera, amma ba za ta tambaye ka ko ka ɗaura harami ba. Miƙatin mai fitowa daga Madina shi ne Zul-Hulaifa, wanda ake kira Abyar Ali, a bakin gari, kuma jirgin ba ya tsayawa a wurin. Mai nufin Umara ko dai ya fara zuwa masallacin miƙatin ya yi niyya sannan ya wuce tasha, ko ya yi wanka ya sa tufafin haraminsa tun daga masauki, ya yi niyya da jirgi ya tashi kafin ya gota miƙatin. Wanda ya wuce sannan ya yi harami daga baya, jini ya hau kansa. Wannan hukuncin ya shafi mai jirgin sama da zai sauka Jidda ya zarce Makka: ya shirya tun kafin a shiga jirgi, ya tambayi malamin tawagarsa inda zai yi niyya.

Lokutan sallah da alƙibla

Manhajojin sallah suna da yawa, kuma duk lissafi suke yi da matsayin rana. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hanyoyin lissafin sun bambanta. Tsarin Ummul Ƙura na Saudiyya yana sa Asuba idan rana tana digiri 18.5 a ƙarƙashin sararin gabas, Isha'i kuma minti 90 bayan Magariba, a Ramadan minti 120. Tsarin Rabiɗa yana amfani da digiri 18 da 17, na Masar 19.5 da 17.5. La'asar ma tana da zaɓi biyu: na Hanafiyya, da ke jiran inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, da na jumhur, wanda Malikiyya ke ciki, da ke shiga idan inuwa ta kai tsawon abu sau ɗaya bayan inuwar zawali. Wanda bai gyara wannan ba yana iya jinkirta La'asar da kusan sa'a guda bai sani ba. A tuna kuma agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a 2. Inda ake jin kiran sallah, ladan ake bi. Amfanin manhaja yana filin jirgi da kan hanya.

Alƙibla daga Kano gabas ce mai karkata arewa, kusan digiri 68 daga arewa. Kamfas ɗin waya da maganaɗisu yake aiki, ƙarfen mota ko na gini yakan ruɗa shi. A nisanta daga ƙarfe, a juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8, sannan a duba. Idan akwai masallaci a kusa, mihrabinsa ya fi kibiyar waya. Mai son tabbatar da alƙiblar gidansa kuma yana da ranaku biyu a shekara da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. Wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla.

Taswira tana taimakawa ko a tafiye-tafiyenmu na gida wajen sanin nisan ƙasaru. A mazhabar Malikiyya nisan shi ne mil 48, wanda malamai ke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Kano zuwa Zariya ya kai, Kano zuwa Wudil bai kai ba. Waya za ta faɗi nisan, amma sanin cewa ƙasaru na farawa bayan an wuce gidajen gari, kuma niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke shi, wannan a gaban malami ake koyonsa.

Abubuwan kiyayewa

Manhajar kyauta tana da inda take cin riba. A 2020 rahotanni suka bayyana cewa bayanan wuraren da masu amfani da Muslim Pro suke sun isa hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja, suka kuma sanar da yanke hulɗa da kamfanin. Darasin shi ne a duba izinin da manhaja ke nema. Mai nuna lokacin sallah ba ta da bukatar lambobin mutanenka ko hotunanka. A sauke manhaja daga Play Store ko App Store kaɗai, kada a bi adireshin da aka turo a zauren WhatsApp.

Wasu manhajojin suna jera addu'a ta musamman ga kowane zagaye na ɗawafi. Malamai sun bayyana cewa wannan rabon bai tabbata daga Annabi (SAW) ba. Mutum ya roƙi Ubangijinsa da abin da ya sawwaƙa, ko da Hausa ne. Wanda ya yi shakkar adadin zagaye ya yi gini a kan mafi ƙaranci. Ɗaukar hoto da bidiyo a tsakiyar ɗawafi kuwa yana cin khushu'i, yana takura na baya, yana kuma buɗe wa riya ƙofa a wurin da aka sha wahala aka zo don Allah.

Waya takan mutu, takan faɗi, akan kuma sace ta a cunkoso. A riƙi batirin ajiya na caji, a sa shi a jakar hannu domin kamfanonin jirgi ba sa yarda da shi a cikin manyan kaya. A rubuta sunan masauki da Larabci, da lambar tanti, da lambar jami'in tawaga a takarda, a sa a jakar wuya.

Kira na ƙarshe ga ɗalibai da matasan gida. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, wasu suka zauna can har zuriyarsu ta yaɗu. Iyayenmu a yau sa'o'i kaɗan suke yi a sama, amma da yawansu ba su iya taɓa wayar da muka saya musu ba. Kafin su tashi, a zauna da Baba ko Hajiya mako guda ana maimaitawa: ga inda za a taɓa a ga masauki, ga yadda ake nuna izini a ƙofa, ga lambar da za a kira. A ƙara girman rubutun, a cire manhajojin da ba su da amfani, a bar su su gwada da hannunsu har su iya. Wannan yana cikin biyayyar iyaye, kuma muna fatan mai yin sa ya samu rabo a ladan tafiyar.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya karɓi ibadarsu, Ya dawo mana da su lafiya, Ya kuma kira waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Allah ne Mafi sani.