Na'urar Da Ke Leƙa Cikin Kankare

Harsashin gini kan yi kyau a ido, alhali akwai kogo a cikinsa, inda kankare bai cika ba lokacin zubawa. Irin wannan ɓoyayyen aibi kan raunana bene tun daga tushe.

Injiniyoyi na gano shi da na'urar rada ba tare da sun fasa ginin ba. Sukan gungura ta bisa kankaren, tana harba igiyoyin rediyo ciki. Da sun ci karo da rodi ko iska sai su dawo tamkar amsa-kuwwa, kuma jinkirin dawowarsu ke nuna zurfin wurin. Rodi kan fito a allo a lanƙwashe, kamar bakan maharbi.

Sai dai ganinta bai cika wuce rabin mita ba, kuma danshin sabon kankare kan shanye igiyoyin. Dole a jira ya bushe.